Zaren da Ustad Roshan Bai Ɗaura Ba

Duk wanda ya taso a tsohon garin Kasur na ƙasar Pakistan ya san bakin Sardaran Bibi. In ta shiga gidan biki da 'yar gangarta a hammata, uwar ango takan gyara zama, don ta san yau sai an tona rowar danginta kaf a cikin waƙa, mata su sheƙe da dariya, ita kuma ta biya. Gadon gidansu ke nan, uwarta ta yi, kakarta ta yi. Mirasi ake ce musu, wato maroƙa, kuma sunan nan a Kasur rabinsa zagi ne. Ba a biki sai da su, ba a suna sai da su, amma in an tashi rabon abinci a bakin ƙofa ake miƙo musu nasu. In yaro ya cika surutu, ubansa ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, mirasi ne kai?" Sardaran ta sha wannan tun tana goye har ta yi furfura, kuma ba ta taɓa yafewa ba.

Mijinta ɗan kawunta ne, Ustad Roshan Din, mai kaɗa sarangi, gogen nan mai tarin tsarkiya da ake jinginawa a kafaɗa a murza da gindin farce. Nasa daga kakansa ya gada, itacen har ya yi baƙi don tsufa da gumin hannu. Sardaran ce ke yi masa tsarkiya. Ta je wurin mahauta ta sayo hanjin akuya, ta wanke, ta kankare, ta murɗa, ta shanya a saman ɗaki, gida ya yi kwanaki yana ƙarni maƙwabta suna tsaki. Takan ce rabin muryar sarangin nan tata ce, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Shafqat. Shi kuwa tun ranar da yara suka fara kiransa ɗan maroƙa a makaranta ya rantse ba shi ba izga. Ya girma ya tafi Dubai sayar da wayoyi, ya canza sunan dangi, in ya bugo gida ma ba ya son jin kiɗa na tashi a bayan muryar uwarsa. Roshan bai taɓa yi masa faɗa ba. Sai dai in an ajiye waya ya daɗe yana kallon ƙusar da yake rataye sarangin.

Magajin da Allah ya kawo masa ta kwata ya shigo. Akwai wata mata Kirista da ke share lungunsu tana yashe magudanar ruwa, tana zuwa da ɗanta Patras, ta zaunar da shi a ƙarƙashin taga har ta gama. Wata rana Roshan yana fama da wani ɗan mai kuɗi da yake koya wa kiɗa, ya maimaita masa wani juyi har makogwaronsa ya bushe yaron bai kama ba, sai ya ji ana rera juyin nan daidai daga waje, har da ɗan lanƙwasar ƙarshe. Ya leƙa, ya ga yaro da majina a hanci yana wasa da kara a cikin ruwan kwata.

Da farko wajen takalma Patras yake zama. Bayan shekara ya matso bakin tabarma. Kafin gemu ya fito masa gindin farcensa ya fashe, ya warke, ya yi kanta, kuma in ya ja izga a bayan labule tsofaffin unguwa ba sa iya cewa malam ne ko ɗalibi. Sardaran ta so yaron nan, wallahi ta so shi. Tana ajiye masa gurasar roti mai zafi, tana zaginsa in ya makara, zagin da ba ta yi wa kowa sai nata. Amma ta ware masa kofinsa, wani mai tsagaggen baki, ta ajiye shi a kan taga nesa da sauran. Ba da mugunta ta yi ba, ko tunani ba ta yi ba, haka kowane gida yake yi wa masu shara. Ku ji fa, matar da ake miƙo wa abinci a bakin ƙofa! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To a wurin makaɗa, komai iyawarka ba ka zama ɗalibi ba sai an ɗaura maka zare. Za ka kawo jan zare da mazarƙwaila da gasasshen wake, a tara manyan sana'a, malam ya ɗaura maka zaren a wuyan hannu, ya sa maka mazarƙwaila a baki, kai ma ka gutsura ka sa masa a nasa da hannunka. Daga ranar ka zama ɗa, kana da rabo a iliminsa da kayansa. Roshan ya ɗaura wa mutane da yawa. Ya ɗaura wa Mian Tauqir, wani lauya daga Lahore mai sha'awar kiɗa, tun bai yi wata biyu da fara zuwa ba, don ya zo da mota da yadin farin alharini. Patras kuwa ya sayo zare da mazarƙwaila ya fi a ƙirga. Kullum amsa ɗaya ce: bari dai a yi salla, bari zafi ya wuce, bari in ji sauƙin ƙafar nan. Tururuwa ce ke cinye mazarƙwailar a bayan tukunya.

Sardaran ta taɓa tare mijin. Ta ce, "Baban Shafqat, wai yaushe za ka ɗaura wa yaron nan? Ko sai ya yi jikoki?"

Ya ce, "Ke ba ki san duniya ba. Dama can yaya suka ɗauke mu? In aka ji na ci abu daga hannun ɗan mai shara, a gaban jama'a, wa zai ƙara kirana gidansa?"

"Hannun da yake matsa maka ƙafa kullum?"

"Ƙafa daban, baki daban."

Ta yi masa tas, ta kira shi matsoraci, ta yi kwana biyu ba ta kula shi. Da maraice ya yi kuwa ta zuba wa Patras shayi a kofinsa na kan taga kamar kullum, magana ta mutu.

Da ciwon shanyewar jiki ya kayar da Roshan, masu zare a hannu suka zo dubiya sau ɗaya-ɗaya da ledar lemo. Patras ne ya goya shi zuwa asibiti, shi ya yi ta juya shi, shi ya kwashe abin da ba a faɗa. Ranar da rai zai fita yaron ya tafi sayen magani, daga Sardaran sai mijinta a ɗaki. Roshan ya ɗaga hannun da ya rage masa ya nuna ƙusa, ya ce da karkataccen baki, "Na Patras ne." Ta ce ta ji. Ko da Patras ya dawo da magani a hannu, ta riga ta rufe masa fuska.

Ta so ta ba shi sarangin a ranar, shi ya ƙi. Ya ce, "Inna, in na fita da shi daga gidan nan yanzu, gobe 'yan sanda za su zo su ce ɗan mai shara ya saci kayan mamaci. Ki bari ranar barsi ki ba ni a gaban manya." Barsi shi ne taron da ake yi wa makaɗi in ya cika shekara da rasuwa. Ta ga gaskiyarsa. Suka zauna jira, yana zuwa kullum ya goge ƙura, ya gyara tsarkiya, ya kaɗa mata kaɗan, ya mayar kan ƙusa.

Ana saura 'yan makonni barsi, sai ga Mian Tauqir a ƙofar gida, turarensa ya riga shi shigowa. Ya zo da tsoho Bagga mai kaɗa tabla, 'yan gangunan nan tagwaye, wanda ya rage babba a cikin makaɗan Kasur, duk wata rigimar sana'a shi ke yankewa. Lauya ya zauna a bakin gadon igiya yana tattare riga, ya ce ya kawo albishir. Za a yi wa Ustad barsin da ba a taɓa yi ba. Za a gayyato manyan Lahore, a kafa gidauniya da sunansa, a tara kuɗi a saya wa 'ya'yan talakawa masu son kiɗa kayan kiɗa.

Sardaran ta ce, "Madalla. Allah ya ba da lada."

"Sai dai, Inna, masu kuɗi ba sa sakin hannu sai sun ga abin ɗauka. Shi ya sa muka ce sarangin Ustad za a yi gwanjonsa a wurin. Ki duba yara nawa za su samu a dalilinsa."

"Sarangin yana da mai shi, ranka ya daɗe. Na Patras ne. Da bakinsa ya faɗa mini."

Bagga ya yi gyaran murya. Ya ce, "Wa ya ji?"

"Ni na ji."

"Ke kaɗai. To, kira shi ya nuna mana wuyan hannunsa."

"Bagga, ka ji tsoron Allah! Kai da kanka ka sha yi masa tabla. Ka san duk cikin waɗanda ya ɗaura wa zare babu mai iya ɗaure masa tsarkiya ɗaya."

"Na sani. Amma ba ni na kafa al'ada ba, na tarar da ita ne. Wanda ba shi da zare baƙo ne, ko da a ɗakin malam aka haife shi. Kayan malam na ɗansa ne ko na ɗalibansa. Ɗansa kuwa Mian ya yi magana da shi, ya ce a sayar, dama ba ya son ganinsa."

"To kai ka ɗaura masa mana, a madadin ɗan'uwanka. Ai ana yi."

Tsohon ya kawar da kai ya tofar da yawun taba. Ya ce, "Abin da mai shi bai iya haɗiyewa ba shekara da shekaru, ni za ki ɗura wa? Haba, Sardaran."

Mian Tauqir ya sa baki da murya mai laushi irin ta mutanen da ba a taɓa hana su komai ba. Ya ce kada Inna ta damu, ai Patras ɗan talaka ne, shi za a fara ba kaya daga gidauniyar. Har ma suna so shi ya kaɗa sarangin a wurin, masu saye su ji muryarsa. Da za su tafi suka tafi da sarangin a naɗe cikin bargo, wai za a goge shi a ɗauki hotonsa. Sardaran ta bi su har lungu tana zagi, ta zagi lauya, ta zagi Bagga da tablarsa, ta zagi cikin da ya haifi Shafqat, wato nata. Mota ta tashi ta bar ta da ƙura.

Daga nan ta ƙulla nata. In zare suke so, za su ga zare. In cin mazarƙwaila ne ya gagari maza, ita za ta ci, a gaban duk Kasur da Lahore, ta ga wanda zai ce ba a yi ba. Ta tsefe jan zare daga gefen mayafin aurenta, ta murza shi a cinya yadda take murza tsarkiya, ta sayi mazarƙwaila ta ƙulle a haɓar zane. Ba ta gaya wa kowa ba, har Patras.

Ranar barsi bayan la'asar aka kafa rumfa a filin wata makaranta. An rataye hoton Roshan ya fi ƙofa girma, an zagaye shi da furanni, mutumin da bai taɓa samun kujera a gidajen waɗannan mutane ba. Manya a kujerun gaba, makaɗa da iyalansu a kan darduma can gefe. Aka yi jawabai. Mian Tauqir ya nuna wuyan hannunsa ya ce shi ɗan Ustad ne, har muryarsa ta yi rawa. Sannan aka kira Patras.

Ya hau da farar riga ta aro. Ya karɓi sarangin, ya taɓa kunnensa don girmama malaminsa, ya ja izga. Kai, jama'a! Ban san me na kujerun gaba suka ji ba, amma na kan darduma sun ji Roshan ya dawo. Tsoho Bagga da ke bin sa da tabla, hawaye na bin gemunsa yana kaɗawa, munafukin Allah. Sardaran ta ji tsarkiyarta ce ke kuka, ta ƙarshen da ta murɗa kafin mijinta ya kwanta.

Yana ajiye izga ta miƙe. Ta ratsa mutane, ta hau dandamali da ciwon gwiwarta, wani yaron lauya ya so ya tare ta, ta watsa masa kallon da ya sa ya ja baya. Ba ta nemi abin magana ba, muryarta ta gidan biki ta ishe ta.

"Ku saurara! Ni ce Sardaran, matar wancan na jikin hoto. Yaron nan ɗansa ne. Ya ce sarangin nan nasa ne. An ce ba shi da zare, to ga zare!"

Ta kama hannun Patras ta ɗaura. Ta sa masa mazarƙwaila a baki. Ta danƙa masa sauran ta ce, "Ba ni." Ya tsaya yana kallonta. Ta ce, "Ba ni, ɗan nema, ko in mare ka!" Ya gutsura ya kai bakinta, ta karɓa har leɓenta ya taɓa yatsunsa, ta tauna a hankali tana kallon Bagga ido cikin ido.

Wuri ya yi tsit. Na kan darduma suka sunkuyar da kai, don sun san abin da aka yi. Ta ɗauka yanzu za a yi rigima, kuma ta shirya mata tsaf.

Sai tafi ya ɓarke daga kujerun gaba. Matan Lahore suka miƙe suna share ido da gefen mayafi, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Su a ganinsu cikin shirin ne. Mian Tauqir kuwa ba a banza ya zama lauya ba. Ya karɓi abin magana ya ce, "Kun gani da idonku! Wannan shi ne sarangin da ya haɗa Musulmi da Kirista, ya haɗa uwa da ɗa. Wa zai bari irin wannan tarihi ya wuce shi? Mu buɗe ciniki!"

Ta yi ihu ta ce ba na sayarwa ba ne. Lasifika ta danne ta. Ta juya wurin Bagga, ya ce mata a hankali, "Zaren mace ba zare ba ne, kin sani. Sauka, kada ki ƙara ba da mu." Hannuwa suka yi ta tashi, kowa na ɗora wa na wani, kuma daga baya lauya da kansa ya faɗa cewa abin da Inna ta yi ne ya ninka kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani mai kamfanin jimar fatu ne ya saye, mutumin da bai san gaban sarangi da bayansa ba. Ya ce ya riga ya sa a yi masa akwatin gilashi a falonsa, babu hannun da zai ƙara taɓa shi. Aka tafa masa a kan wannan ma.

Dole sai da aka ɓamɓare yatsun Patras daga wuyan sarangin, amma a hankali aka yi, ana murmushi saboda masu hoto. Sannan aka kira shi a matsayin wanda ya fara cin gajiyar Gidauniyar Ustad Roshan Din. Aka ɗora masa wani kwali a hannu, ƙaramin fiyano mai batir, irin wanda in ka danna maɓalli ɗaya yake kaɗa kansa. Aka ce ya yi murmushi. Ya yi.

Ba zan ce gidauniyar ba ta yi komai ba. An raba wa yara kaya, wasu ma sun ji daɗi, kuma har yau ana taron duk shekara. Sarangi dai ba a saya wa kowa ba, an ce yaran zamani ba sa so.

Patras ya raka ta gida kafin magariba, yana rungume da kwalinsa. Tana shiga ta nufi taga, ta ɗauki kofin nan mai tsagaggen baki ta maka shi da ƙasa. Ta dafa shayi, ta sauko da kofin mijinta na tagulla wanda ba wanda ya taɓa sha da shi tun rasuwarsa, ta cika ta ajiye a gaban yaron.

"Sha."

Ya dubi kofin, ya dubi ɓaraguzan nasa a ƙasa. Ya ce, "Da kin bar mini nawa, Inna. Na saba da shi."

"Na ce ka sha. Kai ɗan gidan nan ne, duk gari ya gani."

"Gari ya ga wasa, ya tafa." Ya ƙara da cewa, "Ba ki yi laifi ba, Allah ya saka miki. Amma ba bakinki nake jira ba. Na wanke mutumin nan da hannun nan, Inna. Na share masa abin da ɗansa ba zai iya kallo ba. Da bakinsa ya karkace ni nake ba shi kunu a cokali, yana sha. Ashe cokalin ne ya sa yake sha."

Sardaran, wadda ba a taɓa ƙure ta da magana ba a Kasur, ta sunkuya tana tsince ɓaraguzan kofin. Ta so ta ce malaminka ya so ka, ya ambace ka da numfashinsa na ƙarshe. Gaskiya ne kuma. Amma ta san ya jira har yaron ya fita sayen magani kafin ya faɗa.

Patras ya ce an yi masa hanyar aiki a hukumar shara, wurin da uwarsa ta bari, ranar Litinin zai fara. Ya miƙe, ya sa haƙori ya kwance jan zaren daga wuyan hannunsa. Bai jefar ba. Ya je ya rataye shi a ƙusar da sarangin yake, ya taɓa kunnensa kamar yadda ya saba in zai fita daga ɗakin malam, ya sa takalmansa a wurin da ya fara zama yana yaro. Kwalin ma a nan ya bar shi.

Sardaran ta daina zuwa biki tun daga ranar. In mata sun aiko, takan ce bakinta ya mutu. Da safe takan ji ƙarar tsintsiya a lungu, ta san hannun da ke riƙe da ita, ta dafa shayi ta zuba a kofin tagulla ta ajiye a kan taga. Yakan gaishe ta da ladabi, ya tambayi gwiwarta, ya share ƙofar gidan tas, ya wuce. Da hantsi ta ɗauko kofin ta zubar.